Daga fatsar yaran Birtaniya zuwa kasuwar Kano: Rikicin da ke neman ƙarar da kifin Titus

Duk shekara, da zarar sanyin Turai ya ja baya a watan Mayu, ƙungiyoyin masu kamun kifi da fatsa a garuruwan bakin tekun Birtaniya da Ayalan sukan fara fitar da yaran da ke ƙarƙashinsu. Ranar Asabar da hantsi, ko da yamma bayan an tashi daga makaranta, akan ga yara sun jeru a kan katangar tashar jiragen ruwa, kowa riƙe da sandarsa, manya biyu ko uku suna kai-komo a bayansu suna warware zaren da ya harɗe. Kifin da da yawa daga cikinsu ke fara kamawa a rayuwa shi ne makarel, mai zanen shuɗi da baƙi a gadon baya.

Kifin nan sananne ne a Najeriya. Shi ne Titus ɗin da ake saukewa cikin kwalaye a ɗakunan sanyi na Kano da Kaduna da Abuja, wanda masu suya ke jerawa a faranti a bakin titi da dare, uwargida kuma ta sa shi a miya.

A ƙarshen watan Satumbar 2025, Majalisar Ƙasa da Ƙasa ta Binciken Teku, wadda aka fi sani da ICES, mai hedikwata a Kofanhagen, ta ba da shawarar kada makarel ɗin da za a kama a arewa maso gabashin Tekun Atlantika a 2026 ya wuce tan 174,357. Shawarar da ta bayar domin 2025 tan 576,958 ce, wato an nemi a rage kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Dalilin da masanan suka bayar shi ne yawan manyan kifayen da suka isa yin ƙwai ya faɗi ƙasa da mizanin da ake fargabar idan aka gota shi, kifin zai sha wahalar sake yaɗuwa.

Abin dubawa a nan shi ne ƙa'idar da ake koya wa yaran ƙungiyoyin fatsa tun ranarsu ta farko, wato a auna kifi, a san iyakar abin da za a ɗauka, a mayar da saura ruwa, ita ce ƙa'idar da gwamnatocin ƙasashen da ke raba wannan kifi suka shafe shekara goma sha biyar suna tsallakewa. Ɗawainiyar wannan tsallake kuwa ta fi faɗawa kan waɗanda ba a gayyatar su teburin rabo: yaron da ke tsaye a bakin gaɓa, da mai sayen kifi a ƙasa irin Najeriya.

Abin da ƙungiya ke koya wa yaro

A Ingila ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya jefa fatsa a teku, saɓanin koguna da tafkuna inda duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin Hukumar Kula da Muhalli, ko da yake kyauta ake ba 'yan shekara 13 zuwa 16. Wannan ya sa teku ta zama wurin da ya fi sauƙin shiga ga yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi, musamman a garuruwan bakin teku da masana'antunsu suka durƙushe.

Harkar tana da girma. Binciken da gwamnati ta ɗauki nauyi a 2012 ya ƙiyasta masu fatsar teku a Ingila kaɗai sun kai 884,000, kuma sun kashe kimanin fam biliyan 1.23 a shekarar wajen kayan aiki da sufuri da masauki da hayar kwale-kwale. Ƙungiyar Angling Trust, da aka kafa a 2009, ita ce uwar ƙungiyoyin masu fatsa a Ingila, tana horar da masu koyarwa, tana kuma fitar da tawagogin matasa zuwa gasar duniya ta fatsa daga gaɓa, wadda ke da rukunin 'yan ƙasa da shekara 16 da na 'yan ƙasa da 21. A Ayalan, Tarayyar Masu Fatsar Teku ta ƙasar ta kafu tun 1953.

Darasin farko a ƙungiya shi ne tsira da rai. Ana koya wa yaro karanta jadawalin cikowa da janyewar teku, domin dutsen da yake tsaye a kai da rana tsaka yana iya nutsewa kafin la'asar. Ana koya masa sanya rigar kariya daga nutsewa, da duba bayansa kafin ya wurga dalmar da ke ƙarshen zare. Manyan da ke kula da yaran kuma sai an binciki tarihinsu kafin a damƙa musu amanar 'ya'yan mutane.

Darasi na biyu shi ne awo. Doka ta ƙayyade mafi ƙarancin tsawon kifin da za a iya tafiya da shi gida: makarel santimita 20 a ruwan yamma da kudu, santimita 30 a Tekun Arewa, kifin kod santimita 35, kifin bas santimita 42. Hikimar ita ce a bar kifi ya girma kafin a ɗauke shi. A gasanni da dama na yara, ana ɗora kifi a kan allon awo, abokin takara ya shaida, a rubuta tsawon a kati, a mayar da kifin ruwa da ransa. Akwai kuma gasar da ake cin ta da yawan nau'o'in kifin da yaro ya kama, kome ƙanƙantarsu, wadda ke tilasta masa sanin sunan kowane kifi da inda yake zama.

Hausawa na cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba mayar da kifin da ya gaza awo da ɗan yatsa guda, alhali ba wanda ke kallonsa, ya koyi abin da ke da wuyar koyarwa ga babba.

Dalilin da ya sa makarel ne kifin farawa

Makarel kifi ne mai tafiya cikin garke, ba ya da jakar iskar da ke riƙe sauran kifaye a tsaye cikin ruwa, saboda haka kullum cikin iyo yake. A lokacin zafi garkunansa kan biyo ƙananan kifaye har bakin gaɓa, a wurare irin su gaɓar Chesil da ke Dorset da tasoshin Cornwall da yammacin Ayalan. Kama shi ba ya buƙatar tsadadden kaya ko ƙwarewa. Zare guda mai ƙugiya uku ko huɗu da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ya isa, kuma idan garke ya zo, yaro kan fito da biyu ko uku a jefa ɗaya.

Wannan sauƙi shi ne jarin ƙungiyoyin. Yaron da ya kama kifi a fitarsa ta farko yakan nemi a dawo da shi, wanda kuwa ya yi fita uku bai ga kome ba, da wuya a raba shi da wayar hannu a karo na huɗu. Makarel kuma shi ne abincin da ake sa wa ƙugiya domin kama manyan kifaye, kuma a cikin teku shi ne abincin tuna da dabbobin ruwa da tsuntsayen teku. Idan ya yi ƙaranci, abubuwa da yawa da ke rataye a kansa sukan girgiza tare.

Ko a kan wannan kifi mai yawa, ƙungiyoyi kan gargaɗi yara kada su ɗebi fiye da abin da gida zai ci, domin makarel yana saurin lalacewa a zafin rana, kuma fatarsa ba ta jure taɓawar hannu, ta yadda wanda aka damƙa aka sake yakan mutu daga baya. Shawarar da ake ba su ita ce idan sun samu abin da ya ishe su, su daina.

Yadda aka kai ga wannan hali

A tsakiyar teku lissafin daban ne. Jiragen da ke kamun makarel na kasuwanci manya ne, akwai waɗanda tsawonsu ya haura mita 140, masu masana'antar daskarar da kifi a cikinsu, da ke iya sarrafa tan 250 a rana. Idan aka ɗauka kowane kifi bai kai rabin kilo ba, aikin rana guda na irin wannan jirgi ya haura kifi rabin miliyan. Sai dai ɗora wa jiragen laifi kaɗai kuskure ne, domin galibinsu kason da gwamnatocinsu suka ba su suke kamawa. Matsalar tana wajen rabon kason.

Kafin 2007, Tarayyar Turai da Norwe da tsibiran Faro ne ke raba makarel a tsakaninsu. Daga nan kifin ya fara faɗaɗa wurin kiwonsa zuwa arewa da yamma, ya shiga ruwan Aisilan da yawa, abin da masana ke dangantawa da ƙaruwar yawansa a lokacin da kuma ɗumamar teku. Aisilan ta ce kifin da ke ƙiba a ruwanta tana da haƙƙi a kansa. A 2010 ta yanka wa kanta tan 130,000, tsibiran Faro kuma suka ɗaga nasu zuwa tan 85,000. A watan Agustan shekarar masuntan Sikotland suka tare wani jirgin Faro a tashar Peterhead suka hana shi sauke kaya. Jaridun Turai suka raɗa wa rikicin suna yaƙin makarel.

A 2014 Tarayyar Turai da Norwe da Faro suka cim ma yarjejeniya, ba tare da Aisilan da Rasha da Girinlan ba. Ko wannan rabin sulhun bai ɗore ba, domin ya ƙare a ƙarshen 2020, daidai lokacin da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai ta zama mai cin gashin kanta a teburin. A 2021 Norwe da Faro suka ƙara wa kansu kaso da kusan kashi 55 cikin 100.

Abin mamakin shi ne a shekaru da dama ƙasashen kan amince da jimillar da masana suka ba da shawara, sannan kowace ta koma gida ta yanki kason da take ganin ya dace da ita. Idan aka tara kason, sai ya zarce jimillar da aka sa wa hannu. Lissafin ICES ya nuna tun daga 2010, kason da ƙasashen ke yanka wa kansu ya zarce shawarar masana da kusan kashi 40 cikin 100 a matsakaici. Kowace ƙasa tana tsoron idan ta rage ita kaɗai, maƙwabciya ce za ta kwashe abin da ta bari, kuma yawan abin da ta saba kamawa shi ne hujjarta a tattaunawar gaba. Saboda haka kowa na da dalilin ci gaba, ba wanda ke da dalilin fara tsayawa.

Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. Tun watan Maris na 2019 hukumar MSC, mai ba da shaidar kamun kifi mai ɗorewa, ta dakatar da shaidar da ta ba makarel na wannan yanki. A Afrilun 2025 Ƙungiyar Kare Teku ta Birtaniya ta rage darajar makarel ɗin da manyan jirage ke kamawa a jadawalin da take ba masu saye shawara da shi.

Bayan shawarar Satumba, a watan Disambar 2025 Birtaniya da Norwe da Faro da Aisilan suka sanar da yarjejeniyar rabo a tsakaninsu, suka tsayar da jimillar 2026 a kan kusan tan dubu 299. Ragi ne na kashi 48 cikin 100, mai zafi ga masunta, amma ya zarce shawarar masana da fiye da tan dubu 120. Tarayyar Turai, wadda ba ta cikin yarjejeniyar, ta yi tir da ita. Shigar Aisilan ci gaba ne da aka daɗe ana nema, sai dai har yanzu babu rabo guda da ya haɗa kowa.

Wa ake fara ɗaure wa hannu

Tarihin shekarun baya-bayan nan ya nuna idan kifi ya yi ƙaranci, dokar ba ta tsayawa a kan manyan jirage. A 2015 aka ɗauki matakan gaggawa a kan kifin bas a arewacin Turai, aka ɗaga awonsa zuwa santimita 42, aka sanya wa masu fatsa iyakar abin da za su ɗauka a rana. A mafi yawan watannin 2018 an hana su tafiya da ko guda ɗaya gida. A 2024 iyakar kifi biyu ce a rana, tare da haramcin ɗauka a Fabrairu da Maris.

A yammacin Tekun Baltik, inda Jamus da Danmak suke, an sanya wa masu fatsa iyakar kifin kod biyar a rana a 2017, aka mayar da ita ɗaya a 2022, aka rufe gaba ɗaya a 2024. A ɗaya gefen Atlantika, Kanada ta rufe kamun makarel na kasuwanci a watan Maris na 2022, ta bar masu fatsa da iyakar kifi 20 a rana, Amurka ma ta sanya irin wannan iyaka daga 2023. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, sabuwar dokar sa ido ta tanadi cewa daga Janairun 2026 masu fatsar wasu nau'o'in kifi su yi rajista su riƙa shigar da abin da suka kama ta manhajar waya.

Masuntan kasuwanci suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa su sana'a suke yi, da ita suke ciyar da iyali da biyan bashin jirage, masu fatsa kuwa nishaɗi suke yi. Garuruwa irin su Killybegs a Ayalan da Peterhead a Sikotland rayuwarsu ta dogara da makarel, kuma Ayalan ta riga ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasonta a yarjejeniyar ficewar Birtaniya. Suna kuma cewa mutum dubu ɗari idan kowa ya ɗauki biyar, an ɗauki rabin miliyan. A kan kifin bas maganar tasu gaskiya ce, domin ƙiyasin masana ya nuna masu fatsa na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake cirewa daga teku.

A kan makarel kuwa, inda ake lissafi da ɗaruruwan dubban tan, abin da ake kamawa da sanda daga gaɓa ɗan kaɗan ne. Kuma masu fatsa sun riga sun karɓi ƙa'idar ƙidaya. Tun 2016 dubban 'yan sa-kai a Birtaniya ke rubuta abin da suka kama a wani kundi da cibiyar binciken kifi ta gwamnati, Cefas, ke amfani da shi, kuma bayanan sun nuna galibin kifin da suka kama suna mayar da shi ruwa. Dokar Kamun Kifi ta Birtaniya ta 2020 ta amince da su a matsayin masu ruwa da tsaki. Tambayar da ƙungiyoyin ke fuskanta yanzu ta tarbiyya ce: da wane baki malami zai ce wa yaro ya mayar da kifi mai santimita 19, alhali gwamnatin yaron ta sa hannu a kan kama fiye da tan dubu ɗari a kan abin da masana suka ce teku za ta iya jurewa?

Hanyoyi biyu da tarihi ya nuna

Turai da Kanada sun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. A 1977 aka rufe kamun herin, kifin da ake kira Shawa a Najeriya, a Tekun Arewa bayan ya kusa ƙarewa. Rufewar ta ɗauki shekaru, kamfanoni da dama suka mutu, amma kifin ya farfaɗo a shekarun 1980, kuma har yau ana kama shi.

A Newfoundland ta Kanada an yi jinkiri. An ci gaba da kama kod duk da alamun da masuntan bakin gaɓa suka daɗe suna kuka da su, har sai da gwamnati ta rufe harkar a ranar 2 ga Yulin 1992. Kimanin mutum 30,000 suka rasa aiki. An ce rufewar ta shekara biyu ce, amma sai a 2024, bayan shekara 32, aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da ɗan kaso. A tsawon wannan lokaci an haifi yara sun girma sun bar ƙauyukan iyayensu ba tare da sun koyi sana'ar ba.

Wannan ita ce asarar da ba ta shiga lissafin tan. Sanin teku, da iya ɗaurin ƙugiya, da gane yanayi daga launin gajimare, abubuwa ne da ake gada hannu da hannu. Idan aka samu tsara guda da ba ta koya ba, igiyar ta tsinke. Ƙungiyoyin fatsa a Birtaniya sun daɗe suna kokawa cewa membobinsu tsufa suke yi, kuma sashen yara shi ne hanyar da suke sabunta kansu.

Inda abin ya shafi Najeriya

Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta saba bayarwa sun nuna Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kusan tan miliyan 1.2 a gida. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi da kifin ƙanƙara daga waje: Titus da Kote da Shawa da Panla. Holan da Norwe da Ayalan da Faro na cikin masu sayar wa Najeriya, kuma ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin kifin ƙanƙara na Ayalan a wajen Turai.

Ragin kaso yana nufin kaya kaɗan a kasuwar duniya, kuma tun a 2025 farashin makarel na Norwe ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Manyan masu sayen makarel na Norwe su ne Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Biyetnam, waɗanda aljihunsu ya fi na mai shigo da kaya a Legas zurfi. Idan kaya ya yi kaɗan, mai kuɗi ne ke fara ɗauka, saura ya samu ragowa da tsada.

Wannan ya zo ne a kan wata ɗawainiyar. Kafin sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, dala tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuma ta haura Naira 1,500. Kwalin kifi da ya sauka a Apapa sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu a motar sanyi kafin ya isa Kano, kuma kowace rana da ya yi a ɗakin sanyi kuɗin gas ne ko na lantarki. Ma'aikacin gwamnati da a da Titus ne madadin nama a gidansa idan wata ya yi nisa, yanzu madadin ma yana neman fin ƙarfinsa.

Komawa kan wasu nau'o'in ba mafita ce mai sauƙi ba. ICES ta ba da shawarar rage kusan kashi 40 cikin 100 na wani farin kifi da ke cikin waɗanda ake sayarwa da sunan Panla, kuma ƙasashen da ke rikici a kan makarel su ne ke rikici a kansa. A gaɓar Afirka ta Yamma, ƙananan kifayen da talaka ke ci suna fuskantar matsin masana'antun garin kifi a Muritaniya da Senegal da Gambiya, waɗanda ke niƙa su domin abincin kifin kiwo da dabbobi a wasu nahiyoyi.

Ga ɗan kasuwa, darasin a fili yake. Farashin Titus na shekara mai zuwa ana fara yanke shi ne a ƙarshen Satumba, lokacin da ICES ke fitar da shawararta, a ƙarasa a tarukan ƙasashen daga Oktoba zuwa Disamba. Mai ɗakin sanyi da ke bibiyar waɗannan ranaku zai san lokacin da ya kamata ya rage dogaro da nau'i guda, ya ƙulla hulɗa da masu kiwon tarwaɗa da karfasa da masu banda, kafin kasuwa ta tilasta masa.

Ga ma'aikatan hukuma, darasin ya fi nauyi. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, ga Kainji da Tafkin Chadi da manyan koguna. Dokokin 1992 sun hana manyan jirage jan raga a cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, sun kuma haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki a ruwan cikin ƙasa. An kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa da ƙidaya, domin ƙasashen da ke da jiragen bincike da masana masu yawa ma sun kai kifinsu bakin rami, balle inda ba a rubuta abin da ake saukewa a bakin ruwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tunanin hutar da ruwa ma daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa. A Argungu, Matan Fada wuri ne da ake hana su a cikinsa sai ranar biki, kuma masu sarautar ruwa ne ke tsare wannan ƙa'ida. Manyan kifayen da ake fitowa da su ranar gasar amfanin wannan haƙuri ne. Abin da ƙungiyoyin fatsa na Turai suka ƙara a kai shi ne allon awo da katin rubutu a hannun yaro, abubuwa biyu da ba su fi ƙarfin makarantun garuruwan masunta irin su Yawuri da Baga ba.

Abin da za a zuba wa ido

Makarel kifi ne mai saurin balaga, yana fara yin ƙwai yana da shekara biyu zuwa uku, saboda haka idan aka sassauta masa yana da damar farfaɗowa kamar yadda Shawa ta yi. Sharaɗin shi ne ƙasashen su amince da rabo guda wanda idan aka tara shi zai tsaya a kan ɗari bisa ɗari, Tarayyar Turai da Girinlan da Rasha na ciki. Muddin kowace na yanka wa kanta, ragin kashi 48 zai iya zama jinkirta faɗuwa kawai.

A watan Mayu ƙungiyoyin za su sake jera yara a kan katangar tashoshi, da allon awo da kati. Idan garkunan makarel suka iso gaɓa kamar yadda suka saba, za a samu sababbin masu fatsa da za su dawo mako na gaba. Idan ba su iso ba, yaran ne za su fara sani, kafin labarin ya iso ɗakunan sanyi na Kano a jikin takardar farashi.